Amsar Mushe ga Alhaji a kan keke da waya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida jama'ar wannan zaure baki ɗaya, na gida da na Yamai da na Abijan, da ƴan uwanmu na Libiya waɗanda ba su cika magana ba amma mun san suna saurare. Alhaji, yayana, na saurari muryarka har sau biyu bayan sallar isha'i, kuma na bari sai da gari ya waye a nan Tawa kafin in ba ka amsa, domin ba na son in yi maganar da gaggawa. Ka ce kuɗin da kuka tara suna hannun ma'aji, ka ce shawararku ita ce a yi bikin ba da kyauta a lakkwal ɗin garinmu, wato makarantar firamare, a ba yaron da ya zo na ɗaya a ajin CM2, ajin ƙarshe na firamare, keke ko wayar hannu, sannan ka ce tunda na daɗe ina direkta a can, in faɗa maka wanne ya fi. To, a tawa fahimtar, abin da ke ranka ya wuce keke da waya. Abin da kake son sani, kai da duk wanda ya cire kuɗin guminsa ya aiko, shi ne ko yaran nan suna karatu da gaske, ko kuwa kuɗin za su bi hanyar da wasu suka bi a baya. Wannan zan amsa, kuma ku yi mini haƙuri idan muryar ta yi tsawo.

Suna karatu, Alhaji, kuma ba na shakkar faɗin haka a gaban kowa. Yarinyar da za ka gani a layi da ƙarfe 8 na safe ana ɗaga tuta, kafin ta iso wurin ta je rijiya sau biyu ko uku, ta taya uwarta surfe, ta share tsakar gida, ta goya ƙaninta har aka gama dama fura. Yaron da ke bayanta ya kora awaki bakin gari ya haɗa su da garke, ya ba jaki ruwa, sannan ya rugo da gudu don kada a rubuta masa latti. Idan suka shiga aji, teburin da aka yi don mutum biyu yakan ɗauki huɗu, sauran kuma suna ƙasa a kan tsohon buhu, kowa ya ɗora allonsa a gwiwa. Lakire, wato allin rubutu, guda nakan karya shi gida uku in raba, kuma yaro yakan riƙe guntun har ya zama bai fi ƙwayar wake ba yana ci gaba da rubutu da shi. Na ga yaron da bik ɗinsa ya ƙafe yana murza shi tsakanin tafukansa, yana hura masa iska, don tawada ta sauko ya ƙarasa layin da ke babban allo kafin a goge. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai ce ƴaƴan ƙauye ba su son karatu ba.

Abin da ku na nesa ba ku gani shi ne gajartar shekararsu. Hukuma takan buɗe makarantu a farkon Oktoba, kuma a nan cikin birni haka ake yi. A garinmu kuwa, kun sani, ajin siminti biyu ne, sauran rumfunan kara ne, kuma rumfar kara ba ta tsayuwa sai an gama girbi, an sare kara ya bushe, iyaye sun samu sarari sun kawo shi dami-dami, an kafa dirkoki an ɗaure. Su ma yaran a wannan lokacin suna gona, ana roron wake, ana kai hatsi rumbu. Sai a wayi gari Nuwamba ta kama kafin karatu ya kankama, sannan iskar bazara da ruwan farko su zo su ɗaye rumfar tun jarrabawa ba ta iso ba. Shekarar da takarda ta ce wata tara ce, a cikin rumfa da ƙyar take cika bakwai. Ba sai na tuna muku abin da ya faru a unguwar Pays-Bas ta Yamai a watan Afrilu na 2021 ba, inda wuta ta kama rumfunan aji ta ci ran yara aƙalla 20, ko kuma na Maraɗi a watan Nuwamba na 2021 ɗin, inda aka rasa fiye da haka. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Tun daga ranar na sa aka janye murhun mai ƙosai zuwa bayan filin ƙwallo, na sa aka buɗe wa kowace rumfa ƙofa ta biyu, kuma har na bar aiki ban sake yin zaman aji da kwanciyar hankali a lokacin hunturu ba.

A cikin wannan halin ne yaran suke yin abin da suke yi. Suna da gwamnatinsu ta ƴan makaranta, da zaɓe da ƙuri'a da komai, akwai ministan tsabta, akwai ministan wasanni, akwai ministan lambu, kuma wallahi na ga yarinya ƴar shekara 11 ta tsayar da ƙato mai shekara 14 ta sa shi ya koma ya wanke hannu kafin ya taɓa randa. Suna buga ƙwallo da garuruwan da ke kewaye, suna langa, suna kokowa, kuma a ƙarshen shekara sukan yi wasan kwaikwayo a gaban iyaye. Amma abin da na fi alfahari da shi shi ne lambu. Lokacin da na kafa lambun nan... a'a, bari in gyara, kada in ci haƙƙin mutum. Wata madam ce da aka turo mana a kan kwantaragi ta fara shi da kunya huɗu na salati a bayan ajinta, ni kuwa abin da na yi shi ne na roƙi hakimi ya ƙara mana fili, na sa aka kewaye shi da ƙaya. Daga baya ya zama albasa da shu da karoti da zogale. A cikin lambun nan yara suka koyi lissafin da ya gagare su a allo, domin wanda ya ja igiya ya auna tsawo da faɗin kunya da hannunsa ba ya sake mantawa da yadda ake neman faɗin fili. Su suke kai kayan kasuwa, su suke rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a cikin kaye, kuma da ribar muka riƙa sayen lakire da ƙwallo. Ƙasarmu ƙasar albasa ce, Alhaji, kai ka fi ni sanin darajar albasar Galmi a kasuwannin Abijan, saboda haka yaron da ya iya shuka ta ya kuma iya rubuta lissafinta bai fita lakkwal hannu wofi ba. Haka ma itatuwa. Ranar dashen itace ta ƙasa, 3 ga Agusta, tana faɗawa ne cikin hutu, sai a dasa a watse, awaki su cinye kafin a dawo. Mu kuwa muka ba kowane ɗan babban aji itacen dogon yaro ɗaya, nasa ne, shi zai kewaye shi, shi zai zo masa da ruwa a gora daga gida. Inuwar da ake zama yanzu a gaban ofishin direkta, waɗannan yaran ne suka yi ta. Dattawan da suka ga aikin farfaɗo da ƙasa da dashen itatuwa da aka fara a Keita a 1984 sun san cewa tudun da ya mutu yana farfaɗowa idan aka dage masa.

Jarrabawar ƙarshen firamare, CFEPD, da aka daina wasu shekaru sannan aka maido da ita a 2024, ita ma yaranmu ba su ba mu kunya a cikinta ba. Direktan yanzu, wanda ɗalibina ne, ya gaya mini cewa ana gab da ita suna taruwa da dare a ƙarƙashin fitilar nan mai aiki da rana ta bakin masallaci, suna bita har liman ya fito ya kore su su je su kwanta.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci jiya, kuma wasu a cikin zauren nan sun san labarin, ba zan kama suna ba. Akwai wata yarinya marainiya, ubanta ya rasu tana ƙarama, wadda tun daga CE1, aji na uku, har CM2 ba wanda ya taɓa shiga gabanta, mace ko namiji. Ita ce mai karanta wa tsofaffi takardar magani idan sun dawo daga likita, ita ce mai duba wa mata ranar da za a koma awon ciki. A shekararta ta ƙarshe ta zo ta ɗaya a duk makarantun yankinmu. Aka shirya biki, aka ɗauko kujeru da lasifika daga birni, aka yanka rago, wasu manya suka zo da motoci uku. Aka kira ta gaban jama'a, aka ba ta jakar makaranta da turmin atamfa, aka ɗauki hoto ta gaba, aka ɗauka ta gefe, sannan ɗaya daga cikin baƙin ya karɓi lasifika ya ce shi ya ɗauki nauyin wannan yarinya har jami'a. Mata suka yi guɗa, uwarta ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Har yau ina jin muryar mutumin nan a kunnena.

Oktoba ta zo, aka tura ta kolej a garin da ke da magajin gari, tafiyar da ba a yin ta a ƙafa safe da maraice. Dole sai an sama mata mai masauki. Na hau babur na bi gida-gida, na sha sallama har na gaji, daga ƙarshe wata mata ta ce ta karɓa don Allah. Ka'idar da kowa ya sani ita ce iyaye su riƙa aika hatsi da ɗan kuɗin cefane, amma rumbun uwarta a wannan shekarar bai kai watan azumi ba. Na kira mutumin da ya yi alkawari sau huɗu. Na farko ya ce yana taro, na biyu ya ce in tuna masa ƙarshen wata, na uku da na huɗu wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Yarinya ta zama ita ce mai ɗebo ruwa a gidan, ita ce mai daka, ita ce mai tallan kunu da safe kafin ta tafi aji. Da na je duba ta a watan Disamba na tarar da kayenta na lissafi shafi biyar babu komai a ciki, na tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta ce barci ne yake ɗauke ta. Kada wani ya ji kamar ina zargin matar da ta riƙe ta, ita ma baki tara take ciyarwa, kuma ta yi abin da wasu masu hali ba su yi ba. Kafin hutun na biyu yarinya ta dawo gida, bayan damina aka ɗaura mata aure.

Tana nan garinmu har gobe, da ƴaƴanta. Duk lokacin da na shiga gari sai ta zo ta durƙusa ta ce Mushe, sannu da zuwa, ni kuwa in rasa inda zan sa idona. Jakar nan da aka ba ta tana rataye a jikin bango a ɗakinta, zif ɗin ya lalace, a ciki take ajiye katin rigakafin yaranta. Babban ɗanta yana CP, aji na biyu, yanzu, kuma shi ne na ɗaya, domin da dare ita take zaunar da shi tana riƙe masa hannu. Na yi lissafin kuɗin kujerun nan da man motocin nan da ragon nan ya fi a ƙirga, Alhaji, kuma kowane lokaci amsar ɗaya ce, da hatsi aka saya da su aka kai gidan mai masaukinta, da ya ishe ta shekara har da saura. Jami'ar Djibo Hamani tana nan cikin Tawa tun 2010, kullum ina wucewa ta gabanta ina ganin ƴan mata suna shiga da littattafai a hannu, kuma na san a cikinsu akwai waɗanda ba su kai ta kaifin kai ba.

Saboda haka idan ka tambaye ni inda ɗakinmu yake yoyo, zan ce maka tsakanin CM2 da ajin farko na kolej ne, kuma masauki ne ramin. Gwamnati ta fitar da doka a watan Disamba na 2017 cewa a kare ɗiya mace a riƙe ta a makaranta har ta kai shekara 16, kuma a 2021 an buɗe makarantar kwana ta ƴan mata a Kelle ta jihar Damagaram da niyyar a yawaita irinta a ƙasa. Wannan hanya ce mai kyau, amma doka ba ta dafa tuwo, kuma kafin ɗakin kwanan ya iso komin ɗinmu yaran da ke CM2 bana sun girma.

Na maza kuwa, yayana, ka gafarce ni, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu Adarawa mutanen bida ne, wato tafiya neman kuɗi a waje, tun kakanni, kuma ba ni da bakin da zan zagi bida, domin kwanon da ke kan ɗakunanmu da masallacin Juma'a da maganin iyayenmu duk daga can suka fito. Amma ku sani idan kuka dawo da Sallah cikin shadda, da sabon babur, da waya a kowane aljihu, akwai yaro a aji na biyu na kolej da ya kwana bai ci ba yana kallonku, yana auna kansa da ku, kuma sau da yawa bayan Sallah ba ya komawa aji, sai a ji ya bi mota. Idan ka ɗauki waya ka damƙa wa ɗan shekara 13 a matsayin ladan karatu, hotunan Abijan za ka sa masa a aljihu, ba littafi ba. Wayar dai na cire ta. Abin da nake roƙo shi ne idan kun zo gida ku shiga ajin nan ko na minti goma ne, ku gaya musu irin abin da ka taɓa gaya mini, yadda aka miƙo maka takarda a kan iyaka ka tsaya kana neman wanda zai karanta maka ita. Daga bakinka za su ji, daga nawa sun gaji da ji.

Keke ya fi waya, wannan gaskiya ce, kuma ban ce ba shi da amfani ba. Sai dai keke ɗaya yaro ɗaya yake ɗauka, hanyarmu kuma duwatsu ce da ƙaya, taya ba ta mako biyu ba ta fashe ba, sannan ranar kasuwa uba ko wa zai ce a ara masa, daga nan ya zama na gida. Idan kuma mace ce ta zo ta ɗaya, kamar yadda ake yawan samu, ba kowace uwa ce za ta yarda ɗiyarta ta bi dajin nan ita kaɗai da asuba ba.

Akwai kuma maganar harshe, yaro ya shigo CI, ajin farko, bai taɓa jin kalmar Faransanci ko ɗaya ba a ce da ita zai koyi karatu, alhali tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Amma idan na shiga nan ba za mu fita ba, kuma kuɗinku ba su za su gyara wannan ba, na bar ta sai wata rana.

Ga abin da nake gani. Kaso mafi girma a sayi hatsi da shi tun da kaka yana da araha, a ajiye a hannun kwamitin makaranta, duk yaron da aka tura kolej a riƙa kai wa mai masaukinsa rabonsa wata-wata, a hannun mai masaukin, ba a hannun yaron ko ubansa ba, tare da sabulu da ƴar fitila mai aiki da rana. A samu mace ɗaya daga ƙungiyar iyaye mata, mai ido da baki, a biya mata kuɗin mota duk ranar kasuwa ta je ta ga ƴan matan, ta buɗe kayensu ta ga ko akwai rubutu, ta tambayi wa ke ɗebo ruwa a gidan. Da an yi wa waccan yarinyar haka, da tun a Nuwamba aka gane, ba sai na je a Disamba na tarar da shafi biyar fari fat ba. Kaso na biyu kuma na takardar haihuwa ne, domin duk shekara sai an samu yaro mai ƙoƙari da sunansa ya maƙale wajen rajistar jarrabawa saboda ba shi da ita, iyaye su tashi neman hukuncin alƙali a ƙurarren lokaci, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Tun suna CE2, aji na huɗu, ya kamata a duba wa ke da ita, wa ba shi da ita.

Kyauta kuma a ba da, ban hana ba, yaro yana son a kira sunansa a gaban uwarsa. Amma a yi ta ƙarama ta kai ga mutum da yawa, kaye da bik da ƙamus, a ba na ɗaya da na biyu da na uku a kowane aji, a ba wanda bai yi fashi ko sau ɗaya ba, a ba wanda ya taso daga ƙarshen aji ya iso tsakiya, a ba ministan lambu. A yi ta a inuwar dogon yaron da suka dasa, babu kujerun haya, babu rago, kuma ina roƙonku don Allah kada a ba kowa lasifika ya yi alkawarin jami'a.

Hajiya ma'aji, don Allah ki riƙe kuɗin tukuna kada a taɓa su. Ranar kasuwa zan shiga gari in zauna da direkta da hakimi, in karɓo adadin yaran da ake sa ran za su tafi kolej bana, maza nawa mata nawa, da waɗanda suka riga suka sami masauki da waɗanda ba su samu ba, in kuma tambayi farashin tiyar hatsi, sai in turo muku a nan ranar Juma'a in Allah ya kai mu. Alhaji, ka gaida mini mutanen gida. Wassalamu alaikum.